KANGON MA'AIKATU A CIKIN GARI: ME MUBI ZA TA YI DA NATA?

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka karanta a gaban wani taro na masu unguwanni, da 'yan kasuwa, da masu sana'ar hannu, da ɗalibai a garin Mubi ta Jihar Adamawa, a kan filaye da gine-ginen ma'aikatun da suka daina aiki. An buga shi a nan domin amfanin masu karatu na sauran garuruwa, tun da yake cutar ba ta Mubi kaɗai ba ce.



Abin da ya tara jama'a a yau shi ne maganar kango. Kowa ya san kangon gida, watau inda masu shi suka mutu ko suka tashi, rufi ya rufta, jemagu suka tare. To, akwai wani irin kango da ya fi wannan girma da haɗari, shi ne kangon ma'aikata, inda a da injuna ke ruri, ma'aikata na shiga da fita, manyan motoci na lodi, amma yanzu sai ciyawa da tsatsa. Irin wannan kango ya cika garuruwan Arewa, kuma Mubi tana da nata rabon. Manufar wannan jawabi guda ɗaya ce: filin ma'aikatar da ta mutu wurin aiki ne tun asali, saboda haka wajibi ne a mayar da shi wurin aiki, a kuma yi hakan a bainar jama'a, kafin a wayi gari a tarar an yanyanka shi fuloti-fuloti an raba a ɓoye.

YADDA AKA ZO NAN

Ya kamata a fara da tuna matsayin garin. Mubi ta zauna a ƙarƙashin mulkin Jamus har zuwa yaƙin duniya na farko, sa'an nan ta koma hannun Ingila a matsayin ƙasar amana. A watan Fabrairu na 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi haɗewa da Nijeriya, aka kafa Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedkwatarsa. Daga nan ta shiga Jihar Arewa maso Gabas a 1967, Jihar Gongola a 1976, da Jihar Adamawa a 1991. A duk tsawon wannan lokaci abin da ya riƙe garin shi ne ciniki: gyaɗa, da wake, da hatsi, da shanun da ake korowa daga Kamaru da Chadi, da fataken da ke ratsa kan iyaka dare da rana.

A shekarun 1970, sa'ad da kuɗin man fetur ya shigo, gwamnatoci suka ɗauki aniyar kafa ma'aikatu a kowane sashe na ƙasa. Gine-gine sun yi yawa har siminti ya kasa, abin da ya kai ga cunkoson jiragen ruwa masu ɗauke da siminti a tashar Ikko a 1975. Wannan ya sa aka waiwayi yumɓun da Allah ya shimfiɗa a ƙasa, aka kakkafa ma'aikatun gasa jan bulo a garuruwa kamar Jos, da Kano, da Kaduna, da Maiduguri. A Kano har akwai unguwar da ake kira Janbulo saboda irin gidajen da aka gina a cikinta. Mubi ma ta samu tata ma'aikatar jan bulo, kuma dabarar ba ta da laifi ko kaɗan. Yumɓu na nan a kusa, jan bulo ba ya bukatar yaɓe ko fenti, yana daɗewa, ɗakin da aka gina da shi kuwa ya fi na bulon siminti sanyi a lokacin bazara.

Abin da ya kashe irin waɗannan ma'aikatu sananne ne. Tanderun gasa bulo sai ya yi zafin da ya kai kimanin digiri 1,000 kafin yumɓu ya nuna, kuma ba a kashe shi a kunna kamar murhun girki, domin idan wuta ta ɗauke ko mai ya ƙare a tsakiyar gashi, duk bulon da ke ciki ya lalace. Ga shi kuwa lantarki bai tsaya ba, baƙin mai ya yi tsada, sa'an nan injunan duka daga waje aka sayo su. Da aka shiga shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, darajar Naira ta faɗi, sayen ɗan ƙaramin ƙarfen gyara ya zama jidali. Bugu da ƙari, gwamnatocin da suka kafa ma'aikatun ba su riƙa sayen bulon domin gina makarantunsu da asibitocinsu ba, 'yan kwangila suka ci gaba da buga bulon siminti a bakin aiki. Ma'aikatar da mai ita ba ya cinikinta, wa zai yi?

KANGO BA YA ZAMA BANZA

Wani zai ce, to, tun da ta mutu a ƙyale ta mana, ai ba ta cin abincin kowa. Wannan kuskure ne babba. Kangon ma'aikata yana ci, kuma daga aljihun talaka yake ci. Da farko masu sayen tsofaffin ƙarafa ne ke fara ziyartarsa, yau a kwance waya, gobe a cire injin, jibi a yaye kwanon rufi, har ya zamana abin da da za a iya gyarawa da kuɗi kaɗan ya koma sai an sake shi ɗungurungum. Bayan haka sai wurin ya zama maɓoyar ɓata-gari da juji. Ramukan da aka haƙi yumɓu kuma su cika da ruwa da damina, su zama gidan sauro da tarkon yara. Mutanen Jos sun san wannan sarai, domin kududdufan da haƙar kuza ta bari sun ci rayuka ba kaɗan ba.

Akwai kuma asarar da ido ba ya gani. Lokacin da aka kafa ma'aikata an kai mata hanya, an ja mata wayar lantarki, an haƙa rijiya, an daidaita ƙasa, an kewaye da shinge, duka da dukiyar jama'a. A yau matashin da ya koyi walda ko kafinta yana aiki a bakin titi cikin rana, yana rigima da jami'an ƙaramar hukuma a kan wurin zama, alhali ga rumfuna manya-manya a kulle ba mai amfani da su.

Mutanen Mubi sun ga shaidar darajar irin wannan wuri da idonsu. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye garin, jama'a suka watse, wasu suka nufi Yola, wasu suka hau duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru, har zuwa watan Nuwamba da aka ƙwato shi. A 2015, da aka fara komo da dubban 'yan Nijeriya daga Kamaru ta kan iyakar Sahuda, harabar ma'aikatar jan bulon nan ce ta zama zangon da ake sauke su, a rubuta sunayensu, a duba lafiyarsu, kafin a wuce da su sansanonin da ke kusa da Yola. Me ya sa aka zaɓe ta? Saboda tana da fili, da shinge, da rufi, da hanyar mota. Wurin da ya iya ɗaukar bayin Allah masu yawa haka a ranar tsanani, ba zai rasa abin da zai yi wa gari a ranar zaman lafiya ba.

DARASI DAGA KADUNA DA KANO

Kafin a yanke shawara, yana da kyau a duba abin da ya samu waɗanda suka riga Mubi shiga wannan hali. A 1957 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri tare da wani kamfanin Ingila, wasu masaƙu suka biyo baya, har Kakuri ta zama wurin da dubban magidanta daga kowace kusurwa ta ƙasar nan ke cin abinci. A 2002 wannan masaƙa ta farko ta rufe, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. An sha yin alkawarin tayar da masaƙun, har Gwamnatin Tarayya ta ware Naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu domin auduga da saƙa da ɗinki. Amma kuɗi kaɗai bai hana shigo da yadi mai araha daga waje ba, bai kuma kawo lantarki ba. Darasin Kakuri shi ne, jiran a dawo da ma'aikata daidai yadda take a da yana iya cinye shekara 20, gini na ruɓewa ana ta kafa kwamiti.

A Kano kuwa, unguwannin ma'aikatu na Bompai da Sharaɗa da Challawa sun ga rufewar kamfanoni masu yawa, wasu gine-ginen suka koma sito na ajiye kayan da aka shigo da su daga waje. Sito ya fi kango, amma inda ma'aikata ɗaruruwa ke aiki a da, yanzu maigadi ne da 'yan dako kaɗan. Wani darasin na Kano ya shafi filayen gwamnati. A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnatin jihar ta rushe gine-ginen da aka yi a wasu filaye da gwamnatin da ta gabace ta ta bayar, ciki har da na tsohon otal ɗin Daula da shagunan filin Idi, magana ta kai har gaban kotu. Ba aikin wannan taro ba ne ya ce wane ne da gaskiya. Abin lura dai shi ne, duk filin jama'a da aka bayar ba tare da jama'a sun gamsu da yadda aka bayar ba, wanda ya zuba dukiyarsa a kai ba zai yi barci da ido biyu ba.

A nan cikin Adamawa akwai misalin da ya bi wata hanya dabam. Kamfanin sukari na Savannah da ke kusa da Numan, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa, ya durƙushe, aka sayar da shi ga kamfanin Dangote a farkon shekarun 2000, ya komo yana noman rake yana yin sukari. Watau sayarwa ba laifi ba ce a kan kanta, muddin mai sayen aikin yake so, ba filin ba. Bambancin mai son aiki da mai son fili shi ne abin da ya kamata hukuma ta iya ganewa tun kafin ta sa hannu.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YI

Turawa ma sun sha wannan ɗaci. Yankin Ruhr na ƙasar Jamus ya rayu ne a kan haƙar kwal da narka ƙarfe, har kasuwar ta juya musu baya. A garin Duisburg wata babbar ma'aikatar narka ƙarfe ta rufe a 1985, a garin Essen kuma mahaƙar kwal ta Zollverein ta rufe a 1986. Gwamnatin jiharsu ba ta yi gaggawar rushewa ba. Ta tsara shiri na shekara 10, daga 1989 zuwa 1999, ta haɗa garuruwan yankin, aka tsabtace ƙasa da rafuka, aka bar gine-ginen da ke da ƙwari aka ba su sabon aiki. Ma'aikatar Duisburg ta zama wurin shaƙatawa na jama'a, Zollverein kuwa ta ƙunshi gidan tarihi da makaranta da ofisoshin ƙananan kamfanoni, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Mubi ba ta da kuɗin Jamus, amma dabarar ba ta kuɗi ba ce kawai: a duba abin da ke tsaye da ƙarfinsa, a yi amfani da shi, kada a rushe abin da ba za a iya sake ginawa ba.

A birnin Landan an bi wata hanyar. Da tsofaffin tashoshin jiragen ruwa na bakin kogin Thames suka mutu, gwamnati ta kafa hukuma ta musamman a 1981 ta ba ta ikon filayen, aka jawo masu kuɗi suka gina dogayen benaye na bankuna. Wurin ya yi kyau, dukiya ta shigo, amma 'ya'yan tsofaffin ma'aikatan tashar sun daɗe suna kukan cewa ayyukan da aka kawo ba nasu ba ne, gidajen kuma sun fi ƙarfinsu. Saboda haka tambayar da ta kamata a yi a kan kowane shiri ita ce, wa zai ci moriyarsa?

Darasi na uku daga Amurka yake, shi ne kuma mafi ban tsoro. A wani wuri da ake kira Love Canal a Jihar New York, wani kamfanin sinadarai ya binne dattin guba fiye da tan 20,000, sa'an nan a 1953 ya sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala 1. Aka gina makaranta da gidaje. A 1978 guba ta ɓullo cikin gidajen mutane, aka kwashe ɗaruruwan iyalai, abin da ya sa aka kafa doka a 1980 mai tilasta wa wanda ya ɓata ƙasa ya biya kuɗin tsabtace ta. Ba sai an je Amurka ba ma. A 2010 gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, ba a kuwa samu sauƙi ba sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A Kano ruwan da ke fita daga majemu ya daɗe yana gurɓata kogin Challawa. Ma'aikatar bulo ba ta kai waɗannan haɗari ba, amma duk inda aka ajiye baƙin mai, da tsohon taransifoma, da rufin asbesto, tilas a gwada ƙasa da ruwan rijiya kafin a kawo yara ko abinci wurin.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Jama'a su sani cewa ba a rasa doka ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun Gwamna a matsayin amana domin amfanin dukan 'yan Nijeriya. Kalmar amana tana cikin dokar, ba ƙari aka yi ba. Sashe na 22 ya hana mai takardar mallaka ya sayar ko ya jinginar da fili sai da yardar Gwamna. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke takarda saboda bukatar jama'a, ko kuwa idan mai ita ya saɓa sharuɗɗan da aka ba shi filin a kansu, sashe na 29 kuma ya yi bayanin diyya. Watau wanda aka ba fili domin ya kafa ma'aikata, ya kulle ya tafi yana jiran ƙasa ta yi tsada, hukuma tana da hanyar da za ta tambaye shi.

Har ila yau akwai dokar 1992 wadda ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, dokar da ta biyo bayan dattin guba da aka jibge a garin Koko a 1988. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Dokoki dai ga su nan, abin da ya rage shi ne masu tambaya.

MATAKAI BIYAR

Mataki na farko shi ne ƙidaya. Ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, tare da ma'aikatar ƙasa da safiyo ta jiha da masarauta, su rubuta kowane fili da gini na aiki da aka yi watsi da shi: ma'aikatar jan bulo, da tsofaffin sito-sito na zamanin cinikin gyaɗa, da yadin gyaran motocin hukuma, da duk makamantansu. A rubuta girman kowanne, da sunan mai takardarsa, da bashin da ke kansa, da haƙƙin tsofaffin ma'aikata idan akwai. A liƙa wannan lissafi a sakatariya da ƙofar fada inda kowa zai karanta. Fili ba ya ɓata sai in ba wanda ya san iyakarsa.

Mataki na biyu shi ne bincike, kuma ba sai an ɗauko masana daga Turai ba. Garin nan yana da Kwalejin Fasaha ta Tarayya tun farkon shekarun 1980, yana da Jami'ar Jihar Adamawa tun 2002. A cikinsu akwai malaman safiyo, da na gini, da na tsara birane, da na kimiyyar ƙasa, da ɗaliban da kowace shekara ke neman abin da za su yi bincike a kai. A ba su aikin auna filayen, da duba ƙwarin gine-gine, da gwada ƙasa da ruwa. Gari mai manyan makarantu biyu bai kamata ya jahilci abin da ke bayan katangarsa ba.

Mataki na uku shi ne a yi wa maganar jan bulo hukunci na gaskiya. Dalilin da ya sa aka kafa ma'aikatar bai gushe ba, domin a farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, ga kuma makarantu da asibitoci da gidaje da rikici ya rushe a Michika da Madagali da kudancin Borno. Amma kafin a sake zuba ko kwabo sai an amsa tambayoyi uku. Yumɓun da ya rage zai kai shekara nawa? Da wane makamashi za a yi gashi, tun da an cire tallafin man fetur a 2023, itace kuwa ba abin da za a yarda a ƙara sarewa ba ne a ƙasar da daji ke ƙarewa? Wa zai saya? Idan gwamnatin jiha da Hukumar Raya Arewa maso Gabas, wadda aka kafa da dokar 2017, za su rubuta cewa wani kaso na gine-ginensu a wannan yanki da jan bulo za a yi, to, mai jari zai zo da ƙafarsa. Idan amsoshin ba su yi daɗi ba, a faɗa wa jama'a gaskiya, a wuce zuwa mataki na gaba, kada a tsaya jiran gawon shanu.

Mataki na huɗu shi ne a raba wurin ga masu sana'a, bisa haya, ba sayarwa ba. Babbar rumfa ɗaya ta ma'aikata tana iya ɗaukar masu walda, da kafintoci, da makanikai, da masu gyaran Keke Napep, da masu buga bulon ƙasa da injin matsi, kowa da shagonsa, su yi tarayya a rijiya ɗaya, da maigadi ɗaya, da wutar hasken rana ko babban janareta ɗaya. Abin da mutum guda ba zai iya saya ba, mutum 50 za su iya. Wani ɓangaren, idan gwaji ya nuna ƙasarsa lafiya lau take, a ba ƙungiyoyin mata masu matsar man gyaɗa da masu casar hatsi, tare da masu haɗa abincin dabbobi. Kasuwar shanun Mubi tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan, amma shanun a raye ake loda su zuwa Kudu, watau fata da ƙashi da ƙaho da duk aikin da ke cikinsu can suke tafiya. Ko shanya fata da gishirinta kawai aka tsara yadda ya kamata, samari da yawa za su samu abin yi. Sai dai duk aikin da ke fitar da ruwa mai datti kada a yarda da shi sai an gina wurin tace ruwan, domin kogin Yedzaram ba zai zama Challawa ta biyu ba.

Mataki na biyar shi ne sharaɗi. Duk wanda za a ba wani yanki, babba ne ko ƙarami, a yi talla a fili, a buɗe takardun masu nema a gaban shaidu, a rubuta masa wa'adin fara aiki, da yawan 'yan gari da zai ɗauka, da cewa in ya kasa fili ya koma hannun hukuma. A hana mayar da wurin gidajen kwana ko fuloti na sayarwa. Kuɗin haya kuma a buɗe masa asusu na dabam domin gyaran rufi da hanya da magudanar ruwa, a riƙa karanta lissafinsa sau ɗaya a shekara a gaban masu haya.

KAMMALAWA

Za a samu masu cewa gari na bukatar gidaje, me zai hana a yanka filin a sayar, hukuma ta samu kuɗi nan take? Amsa ita ce, kuɗin fuloti sau ɗaya ake karɓarsa, a kashe shi cikin wata guda, filin kuwa ya tafi har abada. Gidaje ana iya gina su a wurare da yawa, amma fili mai faɗi wanda ke da hanyar babbar mota da layin lantarki a kusa da gari, in ya salwanta ba a samun irinsa sai an biya manoma diyya an tashe su daga gonakinsu. Gari kuwa in ya cika da gidaje babu wurin aiki, 'ya'yansa za su kwana a cikinsa ne kawai, su tashi su rasa inda za su nufa, kuma mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin abin da zaman banza ke haifarwa.

Saboda haka aikin da ke gaban wannan taro ba mai wuya ba ne. Masu unguwanni su kai maganar ƙidaya gaban hakimai da majalisar masarauta. Ƙungiyoyin masu sana'a su rubuta sunayen 'ya'yansu da irin wurin da kowa ke bukata, domin hukuma ba ta jin kukan mutum ɗaya. Ɗalibai su nemi malamansu su sa wannan bincike cikin aikin shekara. Kansiloli da 'yan majalisar jiha masu wakiltar Mubi kuma a tambaye su, cikin ladabi amma ba fasawa, wane ne ke riƙe da takardun waɗannan wurare, me kuma ake nufin yi da su. Iyayen da suka ba da gonakinsu aka kafa ma'aikata sun bayar ne domin 'ya'yansu su samu aiki, wannan alkawari kuwa yana nan bai faɗi ba.

Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya sa albarka a sana'ar kowa. Amin.